Kyanwa a Kan Sikelin Zinare

Duk layin babu mai kiransa da wani suna sai Mai Sikeli, kuma ya ci sunan. Shekara arba'in da ɗoriya yana ƙera zinare da azurfa a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya, a ƙasan benen da yake zaune, kuma bai taɓa yarda da abin da ido ya gaya masa ba sai ya auna. Ka kawo masa zobe ka rantse giram biyar ne, zai ce maka, "Allah ya sa," ya jawo sikelinsa. Sikelin ma ba irin na yanzu mai batir ba ne. Tsoho ne mai faranti biyu da allura a tsakiya, da akwatin katako na duwatsun awo, kowane dutse da raminsa. In ka tara su duka, daga babban har 'yan mitsi-mitsin da sai da hantsaki ake ɗauka, giram ɗari biyar ne cif. Marigayiya mai ɗakinsa takan ce da gaisuwa tana hawa faranti, da sai ya auna ta kafin ya amsa.

A cikin akwatin nan, a wani lungu, akwai ɗan kunnenta guda wanda ƙugiyarsa ta karye. Ta ba shi gyara ya ce gobe, goben nan ta ci wata shida, har Allah ya karɓi abarsa. Aikin minti goma, jama'a! Ya gyara wa rabin matan gari nasu, na cikin gidansa ya gagare shi. Tun daga nan bai iya taɓa shi ba, bai kuma iya ɗauke shi daga wurin ba.

Sai kuma wata takarda da ta manna a ƙofar firji. Shekara biyar kafin rasuwarta zuciyarsa ta kusa tsayawa, likita ya ba shi dokar abinci, ita kuma ta kwafe dokar da hannunta, manyan baƙaƙe, don kada ya ce bai gani ba. Ban da jan nama, ban da mai, ban da gishiri. Ganye, karas, kabeji, dafaffiyar shinkafa, madara marar maiƙo, da tafarnuwa kullum. Ta dafa masa wannan salam ɗin abinci shekara biyar yana ci yana mita, likita kuwa duk zuwa sai ya duba takardun gwaji ya girgiza kai don mamaki. Saboda haka a wurin Mai Sikeli, in an ce abinci mai gina jiki, to takardar firji ce, babu wata.

Akwai kuma Toka, kyanwar marigayiya. Shekara bakwai suna gida ɗaya da shi, bai taɓa kiranta da komai ba sai "kyanwarki". Bai taɓa tambayar me take ci ba. A ganinsa kyanwa ai kamar ƙadangare ce, Allah ne yake ciyar da ita a bayan gida. Bayan rasuwar ma kullum da safe takan fita ta dawo tana lasar baki, bai damu ya san daga ina ba. Wata takwas da yin rashin ta haihu a ƙarƙashin teburin aikinsa, cikin kwalin tsummokaran goge azurfa. Uku ta haifa, biyu ba su zo da kwana ba. Ta ukun tana da sati huɗu, wata safiya, mota ta bi ta kan Toka a bakin titi.

Da ya dawo daga binne ta a bayan gida, sai ya ji wani ɗan kuka siriri daga kwalin. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyi na ƙara, ya ciro abar a tafin hannu ɗaya. Launin uwarta sak, har da farin ɗigon nan a ƙarƙashin haɓa. Nan take wani tsoro ya kama shi wanda ko ranar da aka kwantar da shi a asibiti bai ji irinsa ba. Ya buga wa autarsa waya, malamar makaranta ce a can ɗaya gefen gari.

"Auta, kyanwar mamanki ta mutu. Ta bar 'ya guda. Ita kaɗai ce abu mai numfashi da mamanki ta bar mini."

"Ni fa, Baba? Katako ce ni?"

"Ke kina da ƙafafunki da mijinki. Wannan ko tsayuwar kirki ba ta iya ba."

Kafin ya ba ta ko ɗigon ruwa, me kuke tsammani ya yi? Sikeli ya jawo. Ya samo hankici biyu iri ɗaya, ya naɗe ta a guda ya ɗora a faranti, ya sa ɗayan a ɗaya farantin don kada nauyin ƙyalle ya shiga lissafi. Giram ɗari uku da saba'in da biyu. Ya rubuta da alli a jikin bango.

Daga nan ya hau sama ya tsaya gaban firji, ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa kamar bai haddace ta ba. Ya yi wa kansa alkawari 'yar Toka ba za ta ci tarkace ba. Abin da ya raya shi, shi zai raya ta. Ya dafa karas da kabeji har suka yi lugub, ya murƙushe su da shinkafa, ya dama da madara marar maiƙo, ya tace da rariya sau biyu. A rana ta huɗu, da ya ga ba ta da kuzari, har ɗan ruwan tafarnuwa ya ɗiga mata don ya wanke mata jini. Wallahi da za ka ga yadda yake auna komai da ɗan cokali, yana hura shi yana gwadawa a bayan hannu, sai ka ce jaririn sarauta ake reno. Kuma duk wannan ƙauna hanyar kabari take kai 'yar halittar nan, shi bai sani ba.

Sikelin ne kawai bai yi masa kara ba. Ɗari uku da sittin da biyar. Ɗari uku da hamsin da ɗaya. Ta fara zawo, gashinta ya yi cirko-cirko, kukan ma ya koma buɗe baki kawai babu sauti. Ya zargi madarar ya canza kamfani. Ya zargi sikelin, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa, ya goge farantan ya sake aunawa. Ranar Asabar da Auta ta zo da hantsi, ta same shi zaune ya zuba wa bango ido, lambar ƙarshe ɗari uku da sha takwas.

Ta leƙa kwanon abincin, ta shinshina, ta dube shi. "Baba, me nake gani haka? Hawan jini gare ta?"

"Abincin mamanki ne. Kin fi mamanki sani?"

Ba ta ja da shi ba, ta san halin kayanta. Ta ɗauki kwalin ta ce ya sa takalmi. Shi kuma sai da ya hau sama ya ɓamɓaro takardar daga firji ya sa a aljihu, don likitar dabbobi ta gani da idonta cewa ba sakaci ya yi ba.

Likitar wata mace ce mai sanyin hannu da saurin magana. Ta ja fatar wuyan 'yar kyanwar ta saki, fatar ta tsaya a tsaye ba ta koma ba. Ta ɗaga leɓenta ta ga dasashi fari fat. Sannan ta karɓi takardar da ya miƙo mata da alfahari, ta karanta a tsanake. Auta ta sunkuyar da kai tana jiran dariya. Likitar ba ta yi dariya ba.

"Baba, wa ya rubuta wannan?"

"Mai ɗakina. Allah ya yi mata rasuwa."

"Allah ya ji ƙanta. Ta iya kula da mutum, wannan takarda ita ta riƙe ka. Amma Baba, kada ka ji haushina, ita ce kuma take kashe wannan."

Ya ji kamar an zare masa kujera. Ya buɗe baki zai yi gardama, sai ta ce ya matso ya gani da kansa. Ta buɗe ɗan bakin da yatsa, ta haska fitila. Shi kuwa hannunsa da kansa ya shiga aljihu ya ciro ɗan gilashin nan da yake maƙalawa a ido in zai duba aiki. Ya maƙala, ya sunkuya.

Ya bi bakin da kallo lungu-lungu. Haƙoran da yake ɗauka 'yan farare ne kawai, ashe kowanne da irin ƙirarsa. Fiƙoƙi huɗu masu tsini kamar allura, da ɗan lanƙwasa daidai yadda abin da suka kama ba zai zame ba. Na baya kuma ba su da faɗin niƙa ko kaɗan, baki gare su, na sama yana wuce na ƙasa kamar almakashi. Sai harshen. Subhanallahi, harshen! Ƙananan ƙayoyi ne jere reras, sahu bayan sahu, ɗaruruwa, duk sun kwanta suna kallon maƙogwaro, babu wanda ya kauce daga layinsa. Mutumin da yake taƙama yana jan wayar zinare har ta kai siririn gashi, yau ga shi gaban aikin da ko za a ba shi shekara dubu ba zai iya sahu ɗaya ba. Kuma duk a cikin bakin da bai kai kan babban yatsansa ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Wannan ai magagari ne, irin na goge ƙarfe. Likita, magagari ne aka sa mata a baki."

"Na kankare nama daga ƙashi ne," in ji ta. "Ka ga wurin tauna karas a ciki?"

"Babu."

"To haka cikin ma yake. Hanjinta gajere ne, ba a yi shi don ganye da shinkafa ba. Madarar shanu zawo take sa ta. Tafarnuwa da albasa kuwa jininta suke lalatawa, ko ɗanɗane kada ka sake ba ta. Kuma akwai wani sinadari da jikinka yake haɗa wa kansa, nata ba ya iyawa, sai ta same shi a nama. In babu shi, ido ya tafi, zuciya ta bi baya. Taka zuciyar an ce ta bar nama ta huta. Tata ba ta bugawa sai da shi."

Ya cire gilashin, ya goge idon da bayan hannu, ya ce fitilar ce ta yi masa ƙarfi. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki, amma mamakin ya fi su duka yawa. Shi da ya san zinare da azurfa ba wuta ɗaya suke so ba, ya aka yi ya ɗauka cikin kowa ɗaya ne?

Likitar ta yi wa 'yar kyanwar ƙarin ruwa ta ƙarƙashin fata, ta ba su garin madara na musamman na 'ya'yan kyanwa da ɗan sirinji. Ta ce su sayi abincin gwangwani wanda aka rubuta na 'ya'yan kyanwa ne kuma cikakke, a dama da madarar, da ɗumi, kaɗan-kaɗan sau biyar a yini. In ta fara karɓa, a riƙa ƙara mata ɗan dafaffen naman kaza, babu gishiri babu komai. "Ka duba bayan gwangwani," ta ce. "Abin da aka fara rubutawa shi ya fi yawa a ciki. Kuma ba zan ɓoye maka ba, Baba. Kwana uku masu zuwa su ne magana. In nauyinta ya fara hawa, ta sha. In ya sauka ƙasa da ɗari uku, ka dawo da ita, amma ka shirya zuciyarka. Kana da abin awo a gida?"

Auta ta kasa riƙe dariya. "Likita, shi kansa abin awo ne."

A kantin kayan dabbobi kuwa sai da mai kantin ya gwammace bai buɗe ba ranar. Mai Sikeli ya maƙala gilashinsa, ya bi gwangwanaye ɗaya bayan ɗaya yana karanta 'yan ƙananan rubutun da ba mai karantawa. Mai kanti ya miƙo masa wani mai hoton ƙatuwar kyanwa tana sheƙi, ya ce shi aka fi saye. Ya juya bayansa, ya ga masara ce a farko, alkama na biye, naman yana can wajen na biyar. Ya ajiye shi da yatsu biyu. "Ɗana, wannan tagulla ce aka shafa wa ruwan zinare. Ni za ka yi wa haka?" Sai da ya duba goma sha ɗaya kafin ya yarda da wani mummunan gwangwani marar hoto, wanda aka fara da naman kaza, sai zuciya, sai hanta.

A hanyar gida ya ce Auta ta tsaya a wurin mahaucin da ke kan kwanar layinsu. Shekara biyar da wani abu rabon da ya taka wurin. Mahaucin ya ajiye wuƙa ya riƙe baki.

"Mai Sikeli da kansa! Likita ya ɗage doka ne? Ko Toka ce ta aiko ka? Sati guda ke nan ban ga ƙeyarta ba."

"Toka ta mutu. Ina ka san ta?"

"Ina na san ta? Haba! Shekara bakwai marigayiya tana zuwa nan kowace safiya saboda ita. Ta tsaya a kaina, a cire kitse, kada a taɓa da wuƙar da ta yanka albasa, zuciya kaɗan, hanta sau ɗaya a sati. Ko da aka hana ka nama ba ta fasa ba. Ta ce mini sai ka sauka shago take dafawa a wata 'yar tukunya, ta buɗe tagogi duka don kada ƙanshi ya sauko ya tayar maka da kwaɗayi. Da ta rasu kuma sai ga Toka da ƙafarta, daidai lokacin, ta zauna nan inda kake tsaye. To ni wane ne da zan kore ta? Na ci gaba da ba ta."

Mai Sikeli ya dafa teburin. Ya san tukunyar. Wata 'yar shuɗiya ce mai murfi a can bayan kabad, ya sha ganinta yana cewa mata da tara tarkace. Ashe shekara biyar matar nan tukunya biyu take ɗorawa kowace safiya, ɗaya babu nama don ya rayu, ɗaya nama zalla don kyanwa ta rayu, kuma bai taɓa jin ko ƙanshi ba. Shi da yake cewa ƙwayar giram ba ta wuce shi.

"Auta, kin san da wannan?"

"Kowa ya sani, Baba. Kai kaɗai ne ba ka sani ba."

Da suka isa gida ya dama abincin yadda aka ce, ya kai mata baki. Ta kau da kai. Ya sake, ta sake kaucewa. Sai ya lakato kaɗan a kan yatsa ya shafa mata a leɓe, ya jira. Hancin ya motsa. Ɗan harshen ya fito, ya ji kaushinsa a fatar yatsa, wannan magagarin da ya gani da idonsa. Ta lasa, ta sake lasa, sai kawai ta cafke yatsan da hannuwa biyu, ta saki wani gurnani, ita da ko kuka ba ta iyawa da safe. Gurnani fa na gaske, na mai cewa kowa ya ja da baya! Tsigar jikinsa ta tashi. Ba wanda ya koya mata, ba ta taɓa ganin nama ba, amma ta san nata da ta ji shi.

Washegari allura ta tsaya a ɗari uku da sha takwas, ba gaba ba baya. Ya yini bai kunna wutar aiki ba. Rana ta biyu ya ɗauki hantsaki. Ya jera duwatsun jiya, farantin kyanwa bai ɗago ba. Ya ƙara giram ɗaya. Ya ƙara biyu. Ɗari uku da ashirin da ɗaya. Giram uku kacal, nauyin ɗan siririn zobe, amma ya fito ƙofar shago yana gaya wa duk wanda ya wuce, har da mai kawo wasiƙa da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Daga nan sai hawa. Sha ɗaya yau, sha huɗu gobe. Abin da ya kasa sabawa da shi ke nan. Shi a sana'arsa in ka narka giram goma, giram goma za ka samu ko ƙasa da haka, ƙarfe ba ya ƙaruwa. Amma nan ga naman kaza daga 'yar shuɗiyar tukunya yana shiga ta wannan ɗan baki, gari ya waye ya zama gashi mai sheƙi, ya zama farce, ya zama ido mai bin ƙuda, ya zama tsalle. Yakan zauna ya zuba mata ido tana barci, cikin yana hawa yana sauka, ya ce, "Wai a ina ake yin aikin? Ba wuta, ba guduma, ba ƙara."

Ranar Asabar ta uku Auta ta zo da safe ta same shi yana kokawar naɗe ta a hankici, don yanzu ba ta yarda ta zauna. Lambar jiya a bango ɗari huɗu da casa'in da ɗaya. Ya ɗora ta, ya fara jera duwatsu. Babban, da mai bi masa, da na tsakiya. Farantinta yana ƙasa. Ya koma kan ƙananan, ya ɗauko su da hantsaki ɗaya-ɗaya har na ƙarshe, wanda bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ramukan akwatin duka suka zama wayam. Farantinta ko motsi bai yi ba.

Abu ɗaya ya rage a akwatin. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya sa yatsu, ba hantsaki ba, ya ɗauko ɗan kunnen marigayiya. Ya san nauyinsa, shi ya ƙera shi, giram huɗu ne. Ya ɗora shi a kan duwatsun a hankali. Farantin kyanwar ya ɗago kaɗan, allura ta yi rawa, ta yi rawa, ta matso tsakiya kamar za ta tsaya, sai ta koma ta kwanta ɓangaren 'yar Toka.

"Nawa ne, Baba?" Auta ta tambaya, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ban sani ba," ya ce. Hawaye na bin gemunsa, yana dariya. "Wallahi ban sani ba, Auta. Ta fi ƙarfin sikelina."

'Yar kyanwar ta gaji da wannan shirme. Ta zame daga hankicin ta yi tsalle, farantin duwatsu ya faɗi ƙasa da ƙara, ƙananan suka watse a tebur. Ko waiwaye ba ta yi ba, ta nufi matakalar bene tana kuka da cikakkiyar murya, don lokacin cin abincinta ya yi.

Mai Sikeli ya tsince duwatsun ya mayar da kowanne raminsa. Ɗan kunnen kuwa bai mayar da shi akwati ba, ya ajiye shi a tsakiyar teburin aiki, kusa da abin hura wuta. Sannan ya bi bayanta sama, ya ɗora 'yar shuɗiyar tukunya, ya buɗe tagogi duka.